Neman Bakhta

Laraba, 8 ga Oktoba, 1980

Yau ma rigimar rago. Bakhta ta ce tun da ta aure ni ban taɓa shigo mata da ragon Sallah mai ƙahon kirki ba, kullum sai ramamme mai tari. Na ce ƙahon za ki dafa? Ta ce, "Ba don tukunya ba ne, Ma'amar, don matan benen nan ne. Matar Si Jilali har yau in ta gan ni a matakala sai ta tambaye ni ko ragon bara ya ji sauƙi." Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. To, bana za ta ga ƙaho. Inda za mu ɗaure shi a hawa na uku ne ban sani ba. Sai dai baranda, ya cinye mata na'a-na'a.

Nasira, 'yarmu, ta riga ta raɗa masa suna tun ba a saya ba. Yarinya 'yar shekara takwas, amma in tana wasa a titi sai uwar ta yi ta kira har murya ta dushe kafin ta hau. Bakhta ta ce taurin kan nawa ne. Na san gidan da aka samo shi.

A gona lemo ya cika, kore shar tukuna. Bana za a sha tsinka, in Allah ya kai mu.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Zafi kamar ba Oktoba ba. Bakhta ta sa lalle a gashi, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Gobe da hantsi za ta kai wa mahaifiyarta, Khalti Khaira, maganin ido, sannan ta dawo ta turara kuskus ɗin Juma'a. Ta ce in biya in sayo kabewa. Na manta.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Littafin nan a aljihun kwat ɗina yake, shi ya sa ya tsira.

Ban san ta inda zan fara ba. Ran Juma'a na makara zuwa masallaci, cikinsa ya cika da jama'a, na shimfiɗa jarida a harabar waje. Sai na ji wata ƙara daga ƙarƙashin ƙasa, kamar jirgin ƙasa ya ɓata hanya ya biyo ta ƙarƙashinmu. Kafin in juya ƙasa ta ɗaga ni ta buga. Na tashi, ta sake bugawa. Wani tsoho ya riƙe ƙafata yana ta salati. Daga nan sai ƙura. Fara fat, rana ta ɓace, ba ka ganin hannunka.

Na yi gudu ba takalmi. Na isa unguwarmu na kasa gane titinmu, ni da na shekara bakwai ina binsa. Ba shagon burodi, ba kantin magani, ba abin da ido zai kama. Benenmu ya zauna. Hawa biyar sun kwanta kan juna kamar an jera faranti, labulen wani gida na leƙe ta tsakani yana kaɗawa.

Nasira na zaune a tsakiyar titi, fara tas da ƙura, dutsen wasanta a hannu. Ko ƙwarzane babu. Ba ta kuka. Na ɗauke ta na ce ina Mama? Ta dube ni kawai.

Sai na tuna maganin ido. Na ce alhamdu lillahi, tana gidan tsohuwa. Na saɓa yarinyar a kafaɗa na ratsa gari. Abin da na gani a hanya ba zan rubuta ba. Khalti Khaira na zaune ƙarƙashin itacen ɓauren da ke ƙofar gidanta, bango ya tsage daga sama har ƙasa amma bai faɗi ba. Ta gan ni, na gan ta, muka ce a tare, "Ina Bakhta?"

Wajen la'asar ƙasa ta sake motsawa, abin da ya rage a tsaye ya bi sauran.

Kwana biyu ke nan muna tono da hannu da rodi. Mun fito da mutum huɗu da rai daga hawa na sama. Ƙasa da nan kankare ne kan kankare. Na kira sunanta ta kowace kafa. Wasu sun amsa mini, ba ita ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Si Jilali, maƙwabcinmu na hawa na biyu, ya rasa matarsa da 'ya'ya mata biyu. Ya gansu, ya wanke hannu, ya dawo yana taya mu tono. Na tambaye shi ko ya ga Bakhta ran Juma'a, tunda rumfar jaridarsa na bakin titin da take bi zuwa gidan tsohuwa. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce bayan girgizar ƙasa ta farko ya ga sojoji sun ɗora wata mace a mota kusa da kasuwa, kanta na jini, amma tana motsi. Tsayin Bakhta. Farin mayafi.

Na rungume shi. Na je na gaya wa Khalti da gudu. Ta ce, "Ɗana, wace mace ce a Al-Asnam ba ta yafa farin mayafi?" Ban tsaya sauraronta ba.

Tana hanya abin ya same ta. Shi ya sa ba ta isa ba. Komai ya fito fili.

Laraba, 15 ga Oktoba

An ba mu tanti a filin ƙwallo, ni da Nasira da Khalti, da wata mata mai jego da ba mu santa ba. Bargo, burodi, madarar gwangwani. Layin ruwa a bayan tanka, layin allura, layin komai. Jirage masu saukar ungulu ba sa hutawa. An ce masu rauni an rarraba su, wasu Wahran, wasu Bulaida, wasu babban birni, wasu ma ba a rubuta sunansu ba don ba sa cikin hayyacinsu.

Na gaya wa Nasira Mama na asibiti, an ji mata ciwo a kai, za ta dawo. Ta gyaɗa kai.

Wari ya fara. Kowa da ƙyalle a hanci.

Juma'a, 17 ga Oktoba

An yi salla a fili. Ba wanda ya yarda ya shiga ƙarƙashin rufi. Liman ya yi wa duk waɗanda ba a samu gawarsu ba sallar ga'ib. Na koma baya na tsaya jikin turken gola har aka gama. Wani abokin aikina daga gona ya miƙo hannu zai yi mini gaisuwa. Na ce masa, "Riƙe abarka, Si Milud, ba a yi mini mutuwa ba." Ya ji kunya. Ni ma daga baya na ji, amma gaskiya na faɗa.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ban sayo kabewar ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Sallah ta zo ta wuce. Wasu mutanen ƙauye sun kawo nama a bayan mota suna rabawa tanti-tanti, ba su ko faɗi sunansu ba. Khalti ta dafa a gwangwanin mai. Ba mai ci.

Katafila ta shiga titinmu. Sun ce ba sauran mai rai, kuma ana tsoron annoba. Suna zuba farar hoda, su kwashe, su loda a tifa, a kai bayan gari wajen kogi. Khalti ta tsaya a rana tun safe tana kallon bakin katafilar, duk abin da ya ɗago sai ta matsa. Wani soja yaro ya riƙa ce mata, "Hajja, don Allah ki ja baya." Ta tsinto murfin tukunyar kuskus ɗinmu, ya lanƙwashe. Ta kawo shi tanti ta sa ƙarƙashin matashinta.

Ni ban tsaya ba. Me zan tsaya kallo? Ba ta ciki.

Asabar, 25 ga Oktoba

Bulaida. Na shiga motar da ta kawo barguna, direban ya ƙi karɓar komai. Ɗaki-ɗaki, gado-gado. Ana gane mu 'yan Al-Asnam tun daga ƙofa, wai ta idanu. Mu da yawa ne masu neman, muna haɗuwa a baranda muna musayar kamanni. Ni: doguwa, fara, gashi da lalle, tabon ƙuna a wuyan hannun dama. Wani mutumin Wadi Fodda na neman ɗansa mai haƙorin gaba a karye. Na yi alkawarin in duba masa duk inda na je, shi ma haka.

Ba hotonta ko ɗaya a hannuna. Duk suna cikin akwatin da ke kan kabad.

Laraba, 29 ga Oktoba

Babban birni, asibiti uku. Babu. Mutane na shan kofi a bakin titi, yara na tafiya makaranta da jaka a baya. Da na iso ƙarƙashin wani dogon bene sai na tsallaka na bi tsakiyar titi, motoci na ta yi mini oda.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na dawo na tarar an yi ruwa, filin ya zama taɓo. Khalti na tari. Ƙasa har yanzu tana ɗan motsawa, yini ɗaya sau biyu, sau uku. Mata su yi salati, yara ma sun daina tsayar da wasa.

Nasira ce ba na ganewa. Ba ta wasa, ba ta nisa da tanti. Kafin kakarta ta gama cewa "Nasi" ta riga ta iso tana haki, "Na'am, Hanna." Ɗazu tana layin ruwa aka kira wata Nasirar daban, ta yar da bokiti ta ruga. Khalti ta ce, "Yarinyar nan akwai magana a cikinta." Na ce kewa ce, in uwar ta dawo za ta ware. Tsohuwa ta juya mini baya ta ci gaba da tsince wake.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

An buɗe aiki a gona. Na je na dawo. Lemon tanjarin ya fara ja, ba masu tsinka. Rabin ma'aikatana suna ƙarƙashin ƙasa, rabi suna tanti.

Talata, 11 ga Nuwamba

Wahran. Wannan sai na rubuta duka, ko zan samu ya fita daga ƙirjina.

Mutumin Wadi Fodda ne ya aiko mini da saƙo ta bakin wani direba, wai akwai mace a wani asibiti a can, 'yar Al-Asnam, sojoji suka kawo ta ranar farko, rauni a kai, ba ta magana, ba wanda ya zo nemanta. Ban kwana da labarin ba. Na yi aski, na ari riga mai tsabta wurin Si Milud, na tsinko tanjarin cikin leda, don tana son na farkon kaka mai ɗan tsami. Na ce wa Nasira zan je in taho da Mama. Khalti ta bi ni har bakin filin. Ta cusa mini ɗankwalinta mai kyau a aljihu, wai kada a fito da ita kai a buɗe. Ashe ita ma tana sa rai.

Wata nas mai ƙiba ta yi mini jagora. Barandar ba ta ƙarewa. Tana ta magana, wai matar ba ta ba su wahala, tana cin abinci in an ba ta a baki, duk wanda ya buɗe ƙofa sai ta juyo. Ni ina ta shirya abin da zan fara cewa. Na yanke shawarar zan ce mata, "Kin gudu ne don kada ki ga ragon?"

Gado na ƙarshe, jikin taga. Kai a naɗe har gira. Doguwa ce, gaskiya. Na dubi hannun da ke kan bargo. Ba tabo. Hannun mai aikin gona ne, kuma ta girmi Bakhta, akwai shuɗin zane a haɓarta irin na matan kan dutse.

Na riga na gani. Duk da haka bakina ya ce, "Bakhta."

Ta buɗe ido da sauri ta juyo. Wallahi fuskarta ta haskaka, ta yunƙura za ta tashi. Ta dube ni sosai. Sai na ga hasken yana janyewa a hankali har ya ƙare. Ita ma wani take jira. Ni ba shi ba ne, ita ba ita ba ce, muka tsaya muna kallon juna kamar kowa ya ci amanar ɗan'uwansa.

Na rasa yadda zan fita. Na ja kujera na zauna na ɓare tanjarin, na riƙa ba ta ɗaya-ɗaya. Ta ci uku. Hawaye na bin gefen idonta zuwa kunne, na share mata da ɗankwalin Khalti, na bar mata shi.

A ƙofa nas ta ce, "Taka ce, ɗan'uwa?" Na ce a'a. Ta ce, "To ko ba taka ba ce ka riƙa leƙowa. Kai ne na farko da ya zauna."

Laraba, 12 ga Nuwamba

Da na shigo filin ni kaɗai Khalti ta hango ni daga nesa, ta shige tanti. Nasira ta karɓi ledar ta ninke. Ba wanda ya tambaye ni.

Akwai asibitoci a gabas ma. An ce wasu har ƙasashen waje aka kai su.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Mun yi faɗa da Khalti. Tun da na auri 'yarta ban taɓa ɗaga mata murya ba sai yau.

Ta ce jibi kwana arba'in, matan tantuna za su haɗu su yi kuskus na sadaka, kowa don nasa, tana so a sa Bakhta. Na ce ba a yi wa mai rai arba'in. Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Ni na haife ta, Ma'amar. Kana tsammani ba na son in ɗaga kai in gan ta a bakin tantin nan? A girgizar shekarar hamsin da huɗu da hannuna na tono ubanta. Na gan shi, na rufe masa ido, na san inda yake, in zuciyata ta yi nauyi in je in zauna. Wannan ko yatsarta ba a ba ni ba. Abin da ya rage mini shi ne in ciyar da mutane da sunanta, shi ma za ka hana ni?"

Na ce in ta yi, ranar da Bakhta ta dawo ita za ta yi mata bayani. Na ce ta gaji da jira ne kawai. Ban san ya aka yi na faɗi wannan ba.

Ta ce, "Kai ma ba ita kake nema ba. Zama kake gudu. Ka dubi 'yarka sau ɗaya."

Mai jego ta ɗauki jaririnta ta fita. Nasira na lungu ta toshe kunnuwa.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Sun yi sadakarsu. Khalti ta taya su murza kuskus tun safe, amma da aka zo kiran sunaye ta yi shiru. Saboda ni. Da ta saɓa mini da ya fi mini sauƙi.

Ba ta yi mini magana, sai ta bakin yarinya. "Ce wa babanki shayinsa na hucewa."

Litinin, 24 ga Nuwamba

Na samu mota mai zuwa Kusantina, can gabas, ran Alhamis.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Na tafi da Nasira gona, don ta sha iska, don kuma kada tsohuwa ta ce ban dube ta ba. Rana mai kyau, sanyi-sanyi. Na nuna mata inda ƙasa ta tsage a ƙarshen gonar, gefe ɗaya ya ɗaga ya fi tsayina, layin itatuwa ya rabu biyu, na sama da na ƙasa, kuma duk suna ta 'ya'ya abinsu. Ta leƙa ta ja baya. Muka zauna a bakin kwata na ɓare mata lemo.

Na ce gobe zan tafi gabas, wannan karon ina ji a jikina. Na ce ta faɗa mini abin da zan gaya wa Mama.

Ta ce, "Baba, kada ka tafi."

Na ce kwana uku ne kawai.

Ta ce, "Ba ta can."

Na ce wa ya gaya miki? Hanna ce? Har raina ya fara ɓaci.

Ta girgiza kai. Tana kallon ɓawon lemo tana yayyaga shi ƙanana. Ta ce Mama ba ta je gidan Hanna ba, aiki ya yi mata yawa, ta ce sai bayan an ci abinci. Ta ce, "Tana baranda. Ta kira ni in hau, na ce ina zuwa. Ta sake kira, na yi kamar ban ji ba, saura kaɗan in cinye wasan. Tana riƙe da ludayi. Ta ce in ban hau ba za ta sauko da kanta ta ja kunnena. Na ɗaga kai ina mata dariya, ita ma tana so ta yi dariya tana ɓoyewa. Ina jira ta sauko, Baba. Sai benen ya sauko da ita."

Ina jin injin ban-ruwa can nesa.

Na ce me ya sa ba ki faɗa mini ba?

Ta ce, "Ka ce tana asibiti. Na ce ƙila kai ka fi ni sani." Can kuma, da ƙyar nake ji: "Kuma kada ka ce ni ce na tsayar da ita a wurin."

Wata ɗaya da rabi. Ina yawo gari-gari da rigar aro, ita tana kwance kusa da ni da wannan a ciki. Duk dawowar da na yi hannu wofi ta san haka zan dawo.

Na jawo ta. Ba nauyi, duk ta rame, yaushe ta rame haka? Na ce mata da ta hau da kira na farko da yau ba ni da kowa. Na ce taurin kanta ne ya bar mini ita. Na ce Mama ta gan ki a tsakiyar titi, a fili, ba abin da ke kanki, kuma abin da idonta ya gani na ƙarshe ke nan. Ban san daga ina maganar ta zo mini ba. Sai ta fashe. Kukan da ba ta yi ba tun ranar, da ƙarfi, baki buɗe, kamar na jariri. Masu tsinka biyu suka leƙo ta cikin itatuwa suka koma.

Na goyo ta har bakin hanya, ƙatuwa da ita, ƙafafu na reto.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Motar Kusantina ta tafi ba tare da ni ba.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Na gaya wa Khalti a bayan tanti, tana wanki. Ta saurara har ƙarshe hannunta cikin kumfa. Ta tambaye ni abu ɗaya: "Tana dariya, ka ce?" Na ce haka yarinyar ta ce, tana ɓoyewa. Ta ce, "Haka take tun tana ƙarama, ba ta iya fushi ya kai ƙarshe." Ta ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita.

Na nemi gafararta kan maganar rannan. Ta ce, "Wace magana? Miƙo mini bokitin can."

Na ga Si Jilali a layin burodi. Na yi niyyar in tambaye shi, ya riga ni. Ya ce, "Na ga mace, wallahi na gani. Amma da ka ga fuskar da ka tambaye ni da ita, Ma'amar." Na ce ya bari. Muka tsaya tare har layi ya zo kanmu.

Talata, 2 ga Disamba

Yaro na gani a asibitin Bulaida mai karyayyen haƙori, ko a mafarki ne? Ban tabbata ba. Na dai aika wa mutumin Wadi Fodda. Na kuma roƙe shi ya tambaya a ƙauyukan kan dutse ko akwai masu neman doguwar mace mai zane a haɓa.

Juma'a, 5 ga Disamba

Jiya na biya ta wurin masu nama na sayo kafaɗar rago, na ajiye wa Khalti a bakin murhu. Ban ce na mene ne ba, ba ta tambaya ba. Da safe na ga mata sun taru, mai jego na yanka albasa, Nasira a tsakiyarsu an ba ta rariya.

Akushin ya yi wa tsohuwa nauyi, shi ya sa na ɗauka. Ai ba za a bar ta ta ratsa taɓo da shi ba. Na kai babban tantin da ake salla, na ajiye bayan an sallame. Liman ya ce na wa ne? Na ce Bakhta 'yar Lakhdar. Aka ɗaga hannu. Si Milud na gefena, yana tsoron abin da na yi masa rannan, sannan ya ce a hankali, "Allah ya jiƙanta." Na ji bakina ya ce amin. Ban shirya faɗa ba, fita ya yi.

Sun cinye tas. Wani ya ce gishiri ya ɗan yi yawa.

Da zan dawo na biyo ta tsohon titinmu. Ba hanyata ba ce. An share wurin, fili ne fetal, sai sawun katafila da ruwa ya kwanta a ciki. Na tsaya daidai inda nake jin nan ƙofar take, akushi a hammata. Na yi sallama a hankali, irin wadda ake yi in an shiga maƙabarta. Ba kowa a wurin, ba wanda ya ji.

Gobe da sassafe gona. Nasira na buƙatar takalmi.